Farashin haɗa waƙa ba ya da ma'ana sai an san inda aikin zai tsaya

Wani matashi mai haɗa sautin waƙoƙi, wanda yake cin gashin kansa ba a ƙarƙashin kowane situdiyo ba, ya aiko da tambaya mai rassa uku. Ya ce aiki yana zuwa masa, har yakan kwana a gaban kwamfuta, amma idan wata ya ƙare ba ya ganin abin da ya tara. Wasu mawaƙan sun karɓi waƙa sun ɓace da cikon kuɗinsa, wasu kuma gyaransu ba ya ƙarewa. Yana so ya san ko ya ƙara farashi ne, ko ya ci bashi ya sayi manyan kayan aiki domin a riƙa ganinsa da daraja, ko kuwa ya haƙura ya nemi aikin albashi.

Ɗan'uwa, daga yadda ka bayyana lamarin, ban ga alamar cewa farashinka ko kayan aikinka ne ke cutar da kai ba. Abin da na gani shi ne kana sayar da aikin da ba a faɗi inda ya fara da inda zai tsaya ba, kuma duk kuɗin da aka yanka wa irin wannan aiki, komai yawansa, lokaci zai cinye shi. Ka ɗauki mutum biyu da suke karɓar kuɗi ɗaya a kan kowace waƙa. Na farko ya karɓi fayiloli a shirye, ya haɗa waƙar cikin awa 6, ya yi gyara sau biyu da suka ci masa awa 2, ya miƙa aiki. Na biyu ya ɓata awa 4 yana tsara fayilolin da aka turo masa a hargitse, ya ƙara awa 4 yana daidaita muryar mawaƙin da ta kauce wa kiɗa, ya yi awa 6 na haɗawa, sannan gyare-gyare suka biyo baya, kowanne da kiran waya da sauraro da sake fitarwa, har suka kai awa 10. Na farko ya yi awa 8, na biyu ya yi awa 24, wato ladan kowace awa ta na biyun kashi ɗaya bisa uku ne na abokin sana'arsa, alhali a bakin mutane farashinsu ɗaya. Idan na biyun ya ninka farashinsa bai taɓa tsarinsa ba, har yanzu yana baya.

Saboda haka, kafin ka ƙara ko ka rage, ka fara rubuta awannin da kowace waƙa ta ci maka tun daga saƙon farko har miƙa fayil na ƙarshe, har da lokacin hira da na bibiyar kuɗi. Ka kuma haɗa abin da sana'ar ke ci a wata: wurin aiki, lantarki, intanet, kuɗin manhajojin da ake biya duk wata ko duk shekara, ma'ajiyar fayiloli, haraji, abin da kake warewa don sauya na'urar da ta tsufa, da na watannin da aiki zai yi ƙaranci, domin babu mai cin gashin kansa da yake cika kowane mako. Ka raba jimlar, tare da abin da kake buƙata don rayuwa, da adadin waƙoƙin da za ka iya gamawa da kyau ba tare da ka kashe kunnenka ba. Abin da ya fita shi ne ƙasan farashinka, kuma duk aikin da ka karɓa a ƙasa da shi kai ne kake biyan mawaƙin. Na fi son a yanka kuɗi a kan waƙa maimakon a kan awa, saboda lissafin awa yana hukunta wanda ya ƙware ya zama mai sauri, kuma yana sa mai waƙa ya riƙa kallon agogo maimakon sauraron aiki. Sai dai farashin waƙa yana amfani ne kawai idan an kewaye shi da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko shi ne kada ka faɗi kuɗi kafin ka ji abin da za ka haɗa. Ka nemi haɗin gwajin da furodusa ya yi, ka tambayi yawan layukan sauti, wato kowace murya ko abin kiɗa da aka ɗauka daban, ka kuma buɗe wasu daga cikinsu, musamman muryar gaba. Waƙa mai layi 20 da aka ɗauka da tsabta da waƙa mai layi 120 da amshi ya cika ba aiki ɗaya ba ne. Ka rubuta wa kowa yadda kake son a turo maka fayil: WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba) mai bit 24, a kan saurin ɗaukar da aka yi aikin da shi tun farko, ko kilohaz 44.1 ko 48, kowane layi ya fara daga farkon waƙa domin su jeru ba tare da lalube ba, da suna mai ma'ana a kan kowanne, da bugun waƙar, da waƙa biyu ko uku da mawaƙin yake son tasa ta yi kama da su. MP3 ba fayil ɗin aiki ba ne, domin abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa. Idan aka turo maka muryar da ta fashe tun a wajen ɗauka, ka faɗa kafin ka karɓi kuɗi, ka ba da shawarar a sake ɗauka. Wanda ya ƙi, kana da damar ka bar aikin, da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin a ƙarshe sunanka ne zai bi waƙar, kuma mai sauraro ba zai san cewa a haka ka same ta ba.

Sai kuma a raba haɗa sauti da ayyukan da suke maƙale da shi. Yanke numfashi da hayaniya, jera amshi ya dace da muryar gaba, daidaita murya da manhajar Melodyne ko Auto-Tune, gyara bugun ganga, ƙara kiɗan da babu, da mastarin, wato gogewar ƙarshe da ake yi wa waƙa bayan an haɗa ta, kowannensu aiki ne mai zaman kansa. Ba laifi ba ne ka yi su, wasu ma a nan suke samun riba, amma a rubuta su daban da kuɗinsu daban. Mawaƙi yakan ɗauka cewa duk abin da ke tsakanin ɗauka da fitar da waƙa sunansa miksin, wato haɗa sauti, kuma ba mugunta ke sa shi ba, babu wanda ya taɓa bayyana masa ne.

Batun gyara shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin nan ne yawancin masu tasowa suke tafka asara. A zamanin manyan teburan haɗa sauti, dawo da waƙar da aka riga aka tashi daga kanta aiki ne na awanni: mataimaki zai bi maɓalli ɗaya bayan ɗaya yana maido shi inda yake, ya sake jona na'urorin waje bisa abin da aka rubuta a takarda, kuma mai waƙa zai biya kuɗin ɗakin. Ko da kamfanin SSL na Ingila ya kawo tsarin da ke tuna matsayin maɓallai a farkon shekarun 1980, da hannu ake juya su. Wannan tsada ta sa mutane suna tattara ra'ayinsu kafin su yi magana. Yanzu da ake aiki cikin manhajojin kwamfuta irin su Pro Tools ko Logic ko Cubase, waƙa tana buɗewa cikin minti ɗaya kamar yadda aka bar ta, sai masu waƙa suka ɗauka gyara kyauta ne. Buɗewar ce ta yi sauƙi. Hankalin da za ka janye daga wani aiki, ka sake shiga waƙar, ka saurara, ka fitar, ka tura, yana nan da tsadarsa.

Abin da aka saba a sana'ar shi ne zagaye biyu ko uku na gyara a cikin farashi, abin da ya wuce haka kuma a biya. Amma adadin kaɗai bai isa ba, sai an fayyace mene ne zagaye. Zagaye shi ne jerin buƙatu guda ɗaya, a rubuce, da minti da sakan na wurin da ake magana a kai, daga bakin mutum ɗaya da aka amince shi ne mai yanke hukunci. Idan ƙungiya ce, ko mawaƙi da furodusa da manaja, su yi gardamarsu a tsakaninsu su kawo maka matsaya, in ba haka ba mai jita zai ce a ɗaga jita, mai ganga ya ce a ɗaga ganga, ka wayi gari komai ya ɗagu kuma babu abin da ake ji. Sabuwar murya da aka sake ɗauka bayan ka gama, ko baitin da aka sauya, ko kiɗan da aka ƙara, ba gyara ba ne, sabon aiki ne, kuma gara a faɗi haka a ranar farko lokacin da fuskoki suke sake.

A ɗaya ɓangaren kuma, kai ma akwai abin da ke kanka. Waƙar ta mawaƙi ce, ba taka ba. Idan ya ce a rage amsa-kuwwar da ka ɓata awa guda kana ginawa, ka faɗi ra'ayinka sau ɗaya a taƙaice, sannan ka yi abin da ya nema. Ka kuma saurari haɗin gwajinsa da kyau kafin ka taɓa komai, domin ya yi makonni yana jin sa, ya saba da shi, kuma akwai abin da yake ƙauna a ciki ko da kai kana jin kura-kurai. Mai haɗa sautin da ya rushe wannan domin ya nuna gwaninta yakan jawo wa kansa gyara biyar da bai kamata su taso ba. Wani ɓangare na ƙwarewa kuma shi ne fahimtar abin da ake nufi idan aka ce murya ta nutse, ko kiɗa ba shi da nauyi. Sau da yawa wanda ya ce a ɗaga murya ba ƙara yake nema ba, wani abin kiɗa ne yake zaune a kan amon muryar, kuma idan ka rage wancan buƙatarsa ta biya.

Game da waɗanda suka gudu da kuɗinka, maganin tsoho ne kuma sananne: rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami kafin ka buɗe fayil, ciko kuma kafin ka miƙa fayil na ƙarshe. A lokacin gyara ka riƙa tura abin sauraro kawai, ba cikakken WAV da za a iya ɗorawa a kasuwa ba. Wanda ya ji haushin wannan tsari tun farko ya nuna maka yadda ƙarshen zai kasance. Manyan kamfanonin waƙa su ne daban, domin galibi ba sa biya sai bayan kwana 30 ko 60 ko ma 90 da karɓar takardar neman biya, saboda haka ka tabbatar wanda ya ba ka aikin yana da ikon amincewa da kuɗin, kuma ka samu hakan a rubuce, ka kuma tanadi abin da za ka ci kafin kuɗin ya iso. Dandalin intanet irin su Fiverr da SoundBetter suna riƙe kuɗin mai waƙa har a gama aiki, wanda kariya ce ta gaske, amma suna cire kamasho, na Fiverr kashi 20 cikin ɗari ne, kuma a can ana jera ka ne kusa da dubban masu karya farashi. Su zama ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofinka. Aikin kyauta kuwa ban hana ba, muddin kai ne ka zaɓi mawaƙin saboda ka ji abin da kake so sunanka ya hau, ba shi ne ya zo da alƙawarin zai tallata ka ba.

A rubuta kuma abin da za a miƙa. Bayan cikakkiyar waƙa, akan buƙaci kiɗa zalla, murya zalla, kiɗa da amshi ba tare da muryar gaba ba domin wasa a dandamali ko talabijin, da kuma wadda aka cire kalaman da rediyo ba zai saka ba. Ka fitar da su a ranar da aka amince da haɗin, ko ba a nema ba, domin bayan shekara biyu za a nema, kuma a lokacin wata manhajar ta daina buɗewa. Wannan ba tsoratarwa ba ce: a 2019 Apple ya daina tallafa wa tsofaffin manhajoji masu bit 32, a 2020 kuma ya koma amfani da tasa ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma a kowane sauyi an samu ayyukan da suka ƙi buɗewa yadda aka bar su. Rukunin sautukan da aka fitar daban-daban, ganguna a wuri ɗaya, muryoyi a wuri ɗaya, su ma ana biyansu daban, shi kuwa fayil ɗin aikinka da duk saitinka ba ya cikin ciniki sai an yi magana a kansa. Haka nan haɗin Dolby Atmos, mai sa sauti ya kewaye mai sauraro, wanda buƙatarsa ta ƙaru tun da Apple Music ya fara amfani da shi a 2021, haɗi ne na biyu mai nasa farashi.

Akwai gardamar ƙarar sauti da za ka yi ta fama da ita. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa kusan -14 a ma'aunin ƙarar sauti na LUFS, ƙa'idar gidajen watsa shirye-shirye na Turai mai suna R128 kuma -23 ce, wanda ke nufin waƙar da aka matse domin ta fi kowa ƙara za a rage ta a wajen sauraro, a bar ta da matsewar. Duk da haka mawaƙi zai kwatanta haɗinka da waƙar da aka riga aka yi wa mastarin, ya ce taka ba ta da ƙarfi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tura masa wadda ka ɗaga domin sauraro, ka ajiye wadda ba a matse ba domin mai mastarin, ka kuma tura wa mai mastarin duka biyun don ya san abin da aka amince da shi.

Ta fuskar haƙƙi, ka san cewa a kowace waƙa akwai mallaka biyu: ta rubutu da kari, da ta sautin da aka ɗauka. Mai haɗa sauti ba shi da kaso a ta farko, sai idan ya yi rubutu. A ta biyu, fitattun masu haɗawa sukan samu ɗan kaso daga cinikin waƙa, galibi kusan kashi 1 cikin ɗari, ban da kuɗin aikinsu. A Amurka dokar zamanantar da harkar waƙa ta 2018 ta tabbatar da hanyar da mawaƙi zai rubuta wa hukumar SoundExchange, mai tattara kuɗin haƙƙin sauti, takardar umarni ta biya furodusa ko mai haɗa sauti kai tsaye daga kason mawaƙin. Dokokin ƙasashe sun bambanta, amma shawarata ga mai tasowa ɗaya ce: kada ka rage kuɗin hannu saboda alƙawarin kaso, domin yawancin waƙoƙi ba sa kawo abin da za a raba. Abin da ya fi maka amfani a yanzu shi ne sunanka ya shiga bayanan waƙar da mai rarrabawa zai tura wa dandalin sauraro, a rubuta shi iri ɗaya a kowane lokaci, domin furodusoshi suna duba waɗannan bayanai idan sun ji haɗin da ya burge su. Ka sa wannan a cikin yarjejeniya, tare da izinin nuna aikin bayan fitowarsa. Kafin fitowa kuwa, waƙar amana ce, ko sakan goma kada ka ɗora a shafinka, domin wanda aka san waƙa ta taɓa fita ta hannunsa ba a sake ba shi wata.

Amanar ta haɗa da ajiya. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da inda kake aiki. Gobarar da ta tashi a harabar kamfanin Universal a jihar Kalifoniya a 2008 ta cinye tarin faifan asali na mawaƙa masu yawa, kuma wannan kamfani ne mai dukiya da ma'aikata. Ka faɗa wa mai waƙa tsawon lokacin da za ka riƙe masa fayiloli, wata shida ko shekara, bayan haka nauyin ya koma kansa.

Bashi don kayan aiki kuwa, ban goyi baya ba. Sifikar Yamaha NS-10 da ta mamaye situdiyoyin duniya an ƙera ta ne a 1978 domin sauraro a gida, kuma ba daɗin sauti ya ɗaukaka ta ba, sanin da masu aiki suka yi mata ne. Andrew Scheps, fitaccen mai haɗa sauti wanda ya yi shekaru yana aiki a kan babban tebur, ya koma haɗawa cikin kwamfuta zalla kuma manyan mawaƙa ba su daina ba shi aiki ba. Idan akwai inda kuɗi ke sauya sakamako, gyaran amon ɗaki ne, musamman tarkon bes, wato abin da ke shanye sautuka masu nauyi, a kusurwoyi, da abin sauraro na kunne mai kyau da ka san halinsa. Duk wani saye ka auna shi da tambaya ɗaya, ko zai rage maka awanni ko zai magance wata matsalar da ka iya ambata da suna. Manhajojin sata kuma ka rabu da su, ba don doka kaɗai ba, har don suna rushewa a tsakiyar aikin da aka biya ka, kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

Aikin albashi ko zama mataimaki a ƙarƙashin wanda ya fi ka ba faɗuwa ba ne. A nan ake ganin yadda ake magana da mai waƙa, yadda ake tsara fayil, da yadda ake cewa a'a ba tare da an ɓata ba, abubuwan da bidiyon koyarwa ba ya nunawa. Idan ka samu irin wannan dama ka karɓa, ka ci gaba da naka a gefe bisa sanin maigidan, kuma kada ka janye masa abokan ciniki. Idan ka zaɓi ci gaba da zaman kanka, ka fi mayar da hankali ga furodusoshi fiye da mawaƙa, domin mawaƙi yakan fitar da aiki jefi-jefi, furodusa kuwa yana da mawaƙa da yawa a hannu duk shekara. Sai dai kada mutum ɗaya ya zama rabin abin da kake samu, domin ranar da ya sauya ra'ayi za ka koma farko. Lokacin ƙara farashi shi ne sa'ad da ka fara mayar da aiki saboda babu wuri, kuma ka fara da sababbin zuwa, tsofaffin ka sanar da su tun da wuri.

Kwanan da ka ce kana yi a gaban kwamfuta shi ma yana cikin lissafin kasuwanci, domin kunne shi ne jarin da ba a sauyawa. Cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, wato awa 4 a kan 88, awa 2 a kan 91. Tun binciken Fletcher da Munson na 1933 aka san cewa yadda kunne ke jin bes da sautuka masu kaifi yana sauyawa da ƙara, shi ya sa kowace waƙa take daɗi idan an ƙure ta, kuma hukuncin da aka yanke a haka yakan ruguje da safe. Ka yi yawancin aikinka a ƙarar da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba, ka ɗaga na ɗan lokaci kawai don duba bes, ka riƙa tashi kana hutawa, kuma kada ka tura haɗin da ka gama da tsakar dare sai ka sake ji da safe. Ka je a auna jinka duk shekara, ka kuma nemi a haɗa da sautuka masu kaifi na sama, domin gwajin da aka saba yi yana tsayawa ne a kilohaz 8, alhali aikinka yana kaiwa sama da haka.